Dangantakar Ciwon Dasashi da Ciwon Daji na Baki da Hanyoyin Magance Su

Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu duba wata tambaya wadda ta daɗe tana kai da kawowa tsakanin likitocin haƙori da masu binciken ciwon daji, watau ko ciwon dasashi yana da hannu wajen haddasa ciwon daji na baki, ko kuwa tushe ɗaya ne kawai ya haɗa su. Bayan haka za mu bayyana yadda ake magance kowannensu, da kuma inda maganin ɗaya ke dogara ga ɗaya.

Tambayar tana da nauyi saboda yawan mutanen da abin ya shafa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 a kan lafiyar baki ya ƙiyasta cewa ciwon dasashi mai tsanani yana damun kimanin kashi 19 cikin ɗari na manyan mutane, watau sama da mutum biliyan 1. Ciwon daji na leɓe da na cikin baki kuwa, ƙiyasin shekarar 2022 ya nuna sababbin kamu kimanin 390,000, da mutuwa kimanin 188,000. In har cuta mai yawa haka tana ƙara haɗarin cuta mai kisa haka, ko da ƙarin kaɗan ne, to lissafin rayukan ba kaɗan ba ne.

Yadda Ciwon Dasashi ke Kamawa

Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashin muƙamuƙi kamar ƙusa cikin katako ba. Wasu siraran zaruruwa ne ke ɗaure saiwarsa da ƙashi, sa'an nan dasashi ya rufe su, ya zagaye wuyan haƙorin. Tsakanin dasashi da haƙori akwai ɗan kwari wanda zurfinsa ba ya wuce milimita 1 zuwa 3 ga mai lafiya. A bakin wannan kwarin ne wata dauɗa mai yauƙi, wadda galibinta ƙwayoyin bakteriya ne, ke taruwa kullum. In an bar ta sai ta haɗu da gishirin da ke cikin yau ta daskare kamar dutse, har buroshi ko asawaki su kasa kankare ta.

A 1965 Harald Löe da abokan aikinsa a ƙasar Denmak suka sa mutum 12 masu lafiyayyen dasashi suka daina goge baki ɗungum. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuwa ya warke cikin kimanin mako guda. Wannan shi ne mataki na farko, wanda dasashi ke yin ja yana zub da jini, kuma ana warkewa daga gare shi sarai. Mataki na biyu shi ne wanda kumburin ke gangarawa ƙasa, ya tsinka zaruruwan nan, ya ci ƙashi. Kwarin sai ya zama aljihu mai zurfin milimita 4 ko 6 ko fiye, mugunya ta riƙa fita, baki ya yi wari, daga bisani haƙori ya soma girgiɗi. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Ya kamata mu lura cewa yawancin ɓarnar ba bakteriya ke yin ta kai tsaye ba, garkuwar jikin mutum ce ke rushe nama da ƙashi a cikin yaƙin da take yi da su shekara da shekaru.

Ba kowa ne ke kaiwa mataki na biyu ba. Löe ya bi wasu ma'aikatan gonakin shayi a ƙasar Siri Lanka daga 1970 har tsawon shekara 15, mutanen da ba su da likitan haƙori kuma ba su san buroshi ba. Kimanin kashi 8 cikin ɗari cutar ta ci su da sauri, kashi 81 ta bi su sannu a hankali, kashi 11 kuwa ba ta wuce kumburin farko ba. Shan taba da ciwon sukari su ne manyan abubuwan da aka tabbatar suna tura mutum cikin rukunin da cutar ke yi wa ɓarna.

Ciwon Daji na Baki da Musabbabansa

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ciwon daji na baki yana tasowa ne daga ƙwayoyin halittar fatar da ta lulluɓe cikin baki. Ya fi son gefen harshe da ƙarƙashinsa, amma yakan fito a cikin kunci, da ganɗa, da leɓe, da kuma dasashi kansa. Sau da yawa yakan fara da farin tabo wanda ba ya kankaruwa, ko jan tabo, ko ɗan gyambo mai taurin gefe wanda ba ya zafi.

Musabbabansa na gaba-gaba sanannu ne: taba, ko ta sha ko ta tauna, da giya. In suka haɗu ga mutum ɗaya haɗarin ninkuwa yake yi. A Indiya da maƙwabtanta akwai ƙwallon arika da ake taunawa da ganye da farar ƙasa, wanda Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya da ke Liyon ta Faransa ta sa cikin jerin abubuwan da tabbas suna jawo cutar. A nan za mu ɗan ratse mu ce wasu masu fassara kan kira wannan ƙwallo goro, alhali kuwa ba shi da dangi da goron da muka sani, kuma goronmu ba ya cikin wancan jeri. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne garin taba da ake haɗawa da kanwa a dunƙula a baki. A Sudan, inda Hausawa da yawa ke zaune, akwai irinsa da ake kira tumbak, wanda ake haɗawa da kanwa a cusa tsakanin leɓen ƙasa da dasashi. Binciken da likitocin ƙasar suka yi a shekarun 1990 ya nuna yana ɗauke da sinadaran naitirosamin masu yawan gaske, kuma cutar takan fito daidai inda ake ajiye shi. A daidai wurin ne kuma dasashi ke janyewa daga haƙori. Ciwon daji na maƙogwaro da gindin harshe yana da wani sanadi daban, watau ƙwayar bairos ta HPV, musamman nau'i na 16, kuma ba shi ne abin nazarinmu a nan ba.

Hujjojin Dangantaka

Tunanin cewa daɗaɗɗen kumburi na iya rikiɗa ya zama ciwon daji ba sabo ba ne. Rudolf Virchow ya faɗe shi a Jamus tun 1863. Misalin da ya fi ƙarfafa shi a zamaninmu shi ne na Helicobacter pylori, bakteriyar da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna tana haddasa kumburin tumbi, wadda aka sa ta cikin tabbatattun masu jawo ciwon daji a 1994. Da wannan ya tabbata, ba abin mamaki ba ne da masu bincike suka juya ga baki, inda mai ciwon dasashi ke ɗauke da buɗaɗɗen miki a cikin aljihunan nan dare da rana.

A 2007 Mine Tezal da abokan aikinta a birnin Bufalo na Amurka suka auna ƙashin da ya zaizaye a hotunan muƙamuƙin maza 51 masu ciwon daji na harshe, suka gwada da na maza 54 marasa shi. Suka sami cewa kowace milimita guda ta ƙashin da ya tafi tana tare da ninkuwar haɗari kimanin sau 5, bayan an cire tasirin taba da shekaru. A 2009 suka faɗaɗa aikin ya haɗa da ciwon daji na kai da wuya baki ɗaya, suka sami kimanin sau 4, kuma dangantakar ta fi ƙarfi a cikin baki. A 2008 Dominique Michaud ta ba da sakamakon bin ma'aikatan lafiya maza sama da 48,000 a Amurka, inda masu tarihin ciwon dasashi suka fi saura kamuwa da ciwon daji iri-iri da kashi 14 cikin ɗari. Sai dai ƙarin ya fi fitowa ne a huhu da ƙoda da jini. A 2016 kuma wata gamayyar masu bincike ta ƙasa da ƙasa ta tattara bayanan majinyata kusan 9,000 da lafiyayyu sama da 12,000, ta ga cewa masu goge baki kullum, da masu zuwa wurin likitan haƙori duk shekara, da waɗanda ba su da ciwon dasashi, haɗarinsu ya fi ƙanƙanta.

Akwai kuma bayani a kan yadda abin zai iya faruwa. Daɗaɗɗen kumburi yana sakin sinadaran da ke lalata ƙwayar gado, yana kuma tilasta wa ƙwayoyin halitta su yi ta rabuwa don gyara, kowace rabuwa kuwa dama ce ta kuskure. Porphyromonas gingivalis, ɗaya daga cikin manyan bakteriyar ciwon dasashi, tana shiga cikin ƙwayar halittar fata ta hana ta mutuwar da aka tsara wa lalatacciyar ƙwaya. A 2015 masu bincike a birnin Ƙudus suka ba ɓeraye wani sinadari mai jawo ciwon daji na harshe, sa'an nan suka sa wa wasunsu wannan bakteriya tare da Fusobacterium nucleatum. Ciwon ya fi girma da yaɗuwa ga waɗanda aka sa wa bakteriyar. Har ila yau, masu bincike a ƙasar Finlan sun nuna cewa ƙwayoyin cikin baki suna juya giya ta zama asitaldihaid, sinadari mai jawo ciwon daji, kuma bakin da ba a tsabtacewa ya fi samar da shi.

To, ina muka tsaya? A ganinmu dangantakar gaskiya ce, amma ba ta kai a ce ciwon dasashi shi kaɗai yana haddasa ciwon daji ba. Dalili na farko, taba tana jawo cututtukan biyu, kuma cire tasirinta ta hanyar lissafi ba ya cika, domin mutane kan rage yawan abin da suke sha in an tambaye su. Haka talauci da ƙarancin 'ya'yan itace da ganyaye a abinci suke bin cututtukan biyu tare. Na biyu, yawancin binciken an yi shi ne ga waɗanda cutar ta riga ta kama, mai gyambo a harshe kuwa yakan daina goge wannan gefen tun watanni kafin a gane abin da ke damunsa, saboda haka wani sashe na lalacewar dasashin sakamako ne, ba sanadi ba. Na uku, ninki 5 da aka samu daga mutum ɗari da 'yan kai lamba ce da ya kamata a riƙe ta da sassauci, domin da aka haɗa bincike da yawa wuri guda abin da ya fi fitowa shi ne ninki 2 zuwa 3. Ɓera kuma ba mutum ba ne, balle ma ɓerayen nan sai da aka ba su guba tukuna. Abin da ya fi dacewa da hujjojin shi ne a ɗauki ciwon dasashi a matsayin mai taya ɓarna, wanda ke gyara wa taba da giya fili.

Inda Cuta Ɗaya ke Ɓoye Ɗaya

Ko da an ajiye gardamar sanadi, akwai wata dangantaka wadda ba a gardama a kanta, kuma ita ce ta fi cin rayuka a asibitocinmu. Ciwon daji da ya fito a dasashi yana kama da ciwon dasashi ƙwarai. Wurin yakan kumbura, ya yi ja, ya yi jini, haƙori ya yi girgiɗi. Majinyaci yakan sayi ƙwayoyi a kantin magani ya sha, ko ya je a cire masa haƙorin, wani lokaci a wurin wanzami. Sai ramin ya ƙi warkewa, nama ya tsiro daga cikinsa, a sake cire na kusa da shi. Kafin a farga watanni sun shuɗe, cutar ta shiga ƙashi ta sauka cikin kaluluwar wuya.

Bambancin kuwa ana iya ganinsa in an lura. Ciwon dasashi yakan bazu ga haƙora da yawa a ɓangarorin biyu, yakan kuma lafa in an kankare dauɗa. Ciwon daji yakan tsaya wuri ɗaya, gefensa da tauri, ba ya jin kankara ko ƙwayar magani. Mutuwar leɓen ƙasa, watau mutum ya ji kamar an yi masa allurar kashe zafi, da ƙullutu mai tauri a wuya, alamu ne masu nauyi. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce duk gyambo ko tabo ko kumburin da ya wuce mako 2 zuwa 3 bai warke ba, a yanki ɗan nama a duba shi a madubin likita. Ba hoto ko duban ido da zai maye gurbin wannan gwaji. Ga yara kuma sai a tuna da abubuwa biyu. Girgiɗin haƙora tare da kumburin muƙamuƙi mai sauri na iya zama ciwon dajin da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Ruɓewar dasashi ga yaro mai tamowa kuwa ita ce farkon noma, cutar da ke cin fuska, wadda aka kafa mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999. Noma ba ciwon daji ba ce, ko da yake a bakin jama'a akan haɗa su a suna ɗaya.

Amfanin ganewa da wuri a fili yake. A ƙididdigar Amurka, fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka gane cutarsu tun ba ta bar inda ta fito ba suna raye bayan shekara 5, waɗanda ta yi nisa cikin jikinsu kuwa kimanin kashi 40 ne. A jihar Kerala ta Indiya an koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya duba baki da ido da fitila, suka bi gida-gida daga 1996 zuwa 2004 a yankin da ke da mutum sama da 190,000 da suka cancanci dubawa. Mutuwa daga ciwon daji na baki ta ragu da kashi 34 cikin ɗari a tsakanin masu taba da giya. Ba mu ga abin da zai hana a yi irin wannan a ɗakunan shan maganinmu na karkara ba, tun da kayan aikin bai wuce safar hannu da fitila ba.

Magani

Maganin ciwon dasashi aikin hannu ne kafin ya zama na ƙwaya. Ana farawa da koya wa majinyaci goge haƙora sau 2 a rana da tsabtace tsakaninsu, da barin taba, da daidaita sukari. Asawaki, ko na darbejiya ne, yana kankare dauɗa sosai a fuskar haƙori in an iya riƙe shi, sai dai ba ya shiga tsakani da kyau, kuma dirzawa da ƙarfi tana janye dasashi. Daga nan likita zai kankare daskararriyar dauɗa daga sama da ƙarƙashin dasashi har saiwar haƙori, ya sake auna aljihunan bayan kamar wata 2 ko 3. Waɗanda suka rage da zurfin milimita 6 ko fiye akan buɗe su da tiyata. Ruwan kurkure baki na kuloheksidin na ɗan lokaci ne, domin yana rina haƙori. Ƙwayoyin kashe bakteriya irin su amoksisilin da metironidazol ba a ba da su sai ga 'yan kaɗan, tare da kankara, kuma shan su barkatai da ya zama ruwan dare ba ya taɓa dutsen da ke ƙarƙashin dasashi. Cutar tana dawowa in an sake, saboda haka akan nemi majinyaci ya riƙa komawa duk wata 3 zuwa 6. Wannan komawa ita ce kuma damar da likita ke da ita ta duba harshe da kunci.

Ciwon daji na baki kuwa tiyata ce maganinsa na farko. Ana yanke shi tare da kimanin santimita 1 na lafiyayyen nama a kewaye, har da ƙashi in ya shiga. An daɗe ana muhawara a kan ko a cire kaluluwar wuya tun ba ta nuna alama ba, har sai da Asibitin Tunawa da Tata na Mumbai ya ba da sakamakon gwajinsa a 2015: kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka cire musu tun farko suna raye bayan shekara 3, waɗanda aka jira kuwa kashi 67.5. Gurbin muƙamuƙi akan cike shi da ƙashin ƙauri tare da jijiyoyin jininsa, dabarar da David Hidalgo ya bayyana a 1989. In cutar ta yi girma ko ta shiga kaluluwa sai a bi tiyata da gashi da haske mai ƙarfi na kimanin mako 6, a ƙara maganin sisfilatin in an sami cutar a bakin yanka ko ta fasa ɓawon kaluluwa. Tun 2016 aka amince a Amurka da magungunan tayar da garkuwar jiki ga wanda cutarsa ta dawo, amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin majinyatanmu. Cibiyoyin gashi ma kaɗan ne. An kafa su a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar kuwa sai a 2021 aka buɗe ta farko a Yamai.

A wajen gashin nan ne maganin cututtukan biyu ke haɗuwa. Hasken yana rage jinin da ke ciyar da ƙashin muƙamuƙi har ƙarshen rayuwa, yana kuma busar da yau. Haƙorin da aka cire bayan gashi yana iya barin ramin da ba zai warke ba, ƙashin ya mutu ya bayyana a fili, wahalar da kan kai ga sake yanke muƙamuƙi. Aljihun dasashi mai mugunya shi kansa ƙofa ce ta wannan ruɓewa. Saboda haka lalle ne likitan haƙori ya ga majinyaci tun ranar da aka yanke shawarar yin gashi, ya kankare dauɗa, ya cire haƙoran da ba su da makoma aƙalla mako 2 kafin a fara, ya kuma sa shi amfani da man goge baki mai yawan fuloraid kullum. Majinyacin da ya taso daga ƙauye mai nisa, ya sayar da dabba ko hatsi ya biya kuɗin mota, yakan ga wannan jinkiri na mako 2 kamar ɓata lokaci, don haka sai a zaunar da shi da danginsa a yi musu bayani da harshen da suke ji, a kuma rubuta masa a katinsa cewa kada kowa ya cire masa haƙori nan gaba sai da sanin asibitin da ya yi masa gashi.